CUTAR ZAIZAYAR ƘASHI: GARAR DA KE CIN AZARA DAGA CIKI

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin soro ya san irin ɓarnar gara. Azara tana nan shimfiɗe bisa kai, kowa ya dube ta ya ga lafiyarta lau, alhali kuwa an daɗe da cinye cikinta, sai ɓawo kaɗai ya rage. Ba a farga sai ranar da aka yi ruwan da bai kai ya kawo ba, rufi ya rufto. To, akwai wata cuta da ke yi wa ƙasusuwan ɗan Adam irin wannan aiki, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis, watau ƙashi mai huji-huji. A Hausance za mu kira ta zaizayar ƙashi.

Ba ta zuwa da zazzaɓi, ba ta sa kumburi, ba ta kuma hana mutum cin tuwo. Sai dai wata rana a ji an ce tsohuwa ta zame a bakin rijiya ko a makewayi, faɗuwar da jikanta zai yi ya tashi ya kakkaɓe riga ya ci gaba da wasa, amma ita ta kasa tashi, ƙashin kwatangwalo ya karye. Sau da yawa daga wannan kwanciya ba ta sake taka ƙasa da ƙafarta ba. Jama'a su ce tsautsayi ne, ko kuwa tsufa ne ya zo, alhali kuwa cuta ce da aka san sanadinta, aka san rigakafinta, kuma tana da magani. Ma'aikacin da ke kula da iyaye tsofaffi, da ɗalibin da ƙasusuwansa ke kan ginuwa a yanzu, duka biyu ya kamata su san yadda al'amarin yake.

ƘASHI ABU NE MAI RAI

Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar ƙashi tamkar busasshen icce, wanda da zarar mutum ya gama girma shi ke nan ya tsaya yadda yake. Ba haka ba ne. Baligi yana da ƙasusuwa 206, kuma kowanne daga cikinsu yana da jijiyoyin jini, yana ci, yana kuma sabunta kansa dare da rana. Ƙashi haɗi ne na abu biyu: wani irin zare mai danƙo da ke ba shi juriya don kada ya tsinke, da kuma ma'adinai, musamman kalsiyam da fosfaras, waɗanda ke ba shi tauri. Kamar dai tubalin ƙasa ne da aka kwaɓa da ciyawa. Jikin baligi yana ɗauke da kalsiyam kimanin kilo 1, kuma kashi 99 cikin 100 na wannan yana cikin ƙasusuwa da haƙora.

Ɗan abin da ya rage a cikin jini kuwa, ko da yake kaɗan ne, ba a rayuwa sai da shi, domin da shi zuciya ke bugawa, da shi tsoka ke motsi, da shi kuma jini ke daskarewa idan an ji rauni. Saboda haka in abinci bai kawo isasshen kalsiyam ba, jiki ba ya jira, sai ya je ya ɗebo daga ƙashi. Ashe ƙashi ginshiƙi ne, kuma rumbu ne.

A cikin ƙashin akwai ƙwayoyin halitta iri biyu masu aiki kafaɗa da kafaɗa. Waɗansu marusa ne, suna kankare tsohon ƙashi da ya gaji. Waɗansu magina ne, suna bin bayansu suna cike gurbin da sabo. Da wannan aiki ne ake sabunta kusan dukkan ƙasusuwan mutum a cikin kimanin shekara 10. Tun daga yarinta har zuwa samartaka magina ne ke kan gaba, ƙashi yana ta ƙara kauri da nauyi, har ya kai iyakar ƙarfinsa a wajajen shekara 25 zuwa 30. Daga nan sai a yi kunnen doki na ɗan lokaci, sa'an nan marusa su fara rinjaye a hankali. Abin da mutum ya tara kafin ya cika 30, shi zai yi ta ci har ƙarshen rayuwarsa. Wanda ya cika rumbunsa zai kai kaka, wanda kuwa ya shiga rani da rabin rumbu, tun bazara bai yi nisa ba zai ga gindinsa.

ME YA SA TA FI KAMA MATA?

Wani likita Bafaranshe mai suna Jean Lobstein ne ya laƙaba wa cutar sunanta a wajajen shekarun 1830, bayan ya lura da waɗansu ƙasusuwa da ramukan cikinsu suka fi na kullum faɗi. Amma sai a farkon shekarun 1940 wani likita na birnin Boston a Amurka, Fuller Albright, ya gano cewa yawancin masu fama da karayar ƙashin baya mata ne da suka daina jinin al'ada, ya kuma danganta abin da raguwar wani sinadari na jikin mace da ake kira istirojin.

Aikin wannan sinadari shi ne ja wa marusan ƙashi linzami. Idan mace ta kai shekarun ɗaukewar al'ada, galibi tsakanin 45 da 55, sai sinadarin ya ragu ƙwarai, linzami ya saki. A 'yan shekarun farko bayan haka tana iya asarar kimanin kashi 2 cikin 100 na ƙashinta kowace shekara, kafin abin ya lafa. Daɗin daɗawa, ƙasusuwan mata tun asali sun fi na maza sirantaka, kuma mata sun fi maza tsawon rai. Matar da al'adarta ta ɗauke da wuri, kafin ta kai 45, ko wadda aka cire mata ƙwayayen haihuwa a wurin tiyata, ita ce ta fi shiga haɗari.

Kada maza su ce ba ruwansu. Gidauniyar Yaƙi da Zaizayar Ƙashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin waɗanda suka haura shekara 50, mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 za su gamu da karaya irin ta wannan cuta. Kuma idan namiji ya karya kwatangwalo, ya fi mace kusa da rasa ransa a sanadinta.

WURARE UKU DA TA FI KARYAWA

Wajibi ne mai karatu ya bambanta wannan cuta da abin da muke kira sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai. Wancan ciwo ne na mahaɗar ƙasusuwa, kamar gwiwa da yatsu, yana sa zafi da kumburi, mai shi ya san yana da shi. Zaizayar ƙashi kuwa ba ta da zafi ko kaɗan sai an karye.

Wuri na farko shi ne wuyan hannu. Mutum ya yi tuntuɓe, ya kai tafin hannu ƙasa don ya kare kansa, sai ƙashin ya ɓalle dab da wuyan hannu. Wani likitan birnin Dublin mai suna Abraham Colles ya bayyana irin wannan karaya tun 1814, har yau kuma da sunansa ake kiranta. Ita ce kan fara zuwa, sau da yawa ga mace mai shekara hamsin da 'yan kai, kuma gargaɗi ce ga mai hankali.

Na biyu shi ne ƙashin baya. Gaɓoɓinsa sukan lotsa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci saboda ɗaukar bokitin ruwa kawai, ko sunkuyawa, ko tari mai ƙarfi. Yawancin irin wannan karaya ba a ma sanin an yi ta. Abin da ake gani shi ne tsohuwa tana raguwa a tsawo, bayanta yana ranƙwafawa, zanen da a dā yake tsaya mata a idon sawu ya koma jan ƙasa. Mun saba ganin haka har mun ɗauka ƙa'idar tsufa ce. Duk wanda tsawonsa ya ragu da santimita 4 ko fiye bisa yadda yake a ƙuruciya, ya kamata likita ya duba bayansa.

Na uku, wanda ya fi duka muni, shi ne kwatangwalo. Ko a ƙasashen da ke da manyan asibitoci, kimanin mutum 1 cikin 5 na tsofaffin da suka yi wannan karaya ba sa cika shekara guda a raye, kuma da yawa daga waɗanda suka tsira ba sa komawa tafiya yadda suka saba. Ba karayar kanta ce ke kisa ba, doguwar kwanciya ce: ciwon huhu ya shiga, gyambon kwanciya ya fito a baya, jini ya dunƙule a jijiyoyin ƙafa. Bayan wannan ga ɗawainiyar da ke faɗa wa iyali, domin sai an sami wanda zai bar aikinsa ko karatunsa ya zauna jinya wata da watanni.

WAI CUTAR TURAWA CE?

An daɗe ana cewa baƙar fata ba ya wannan cuta. Gaskiya ne cewa ƙasashen arewacin Turai, irin su Norway da Sweden da Denmark, su ne kan gaba a yawan karayar kwatangwalo, kuma gaskiya ne cewa a Amurka baƙaƙen mata ba su kai farare yawan karaya ba. Amma ƙarancin abu daban, rashinsa daban. A dā mutanenmu kaɗan ne ke kai shekarun da cutar ke bayyana, waɗanda suka karye kuma a gida ake ɗora su, ba wanda ya rubuta sunansu a littafin asibiti. Yanzu tsofaffi suna ƙaruwa, zaman birni ya rage aikin ƙarfi, kuma bincike a ƙasashe irin su Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Gambiya ya tabbatar da cewa karayar tsufa tana nan a nahiyarmu.

Akwai kuma wani darasi da aka samo a nan gida. Littattafan likitanci sun daɗe suna koyar da cewa cutar nan da ke lanƙwasa ƙafafun yara, su zama gwame ko su buɗe kamar baka, rashin bitamin D ne ke kawo ta, watau rashin hasken rana. To, yaya za a yi yaron Jos ya rasa rana? Likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos tare da abokan aikinsu na waje suka gwada yara 123 masu wannan cuta, suka buga sakamakon a 1999. Sun tarar cewa abincin yaran bai ba su fiye da kimanin miligiram 200 na kalsiyam a rana ba, kuma waɗanda aka bai wa kalsiyam, ko shi kaɗai ko tare da bitamin D, sun fi waɗanda aka bai wa bitamin D kaɗai samun sauƙi. Daga baya har garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa aka gwada a matsayin hanyar samun kalsiyam mai araha. Abin da wannan ya nuna shi ne, rana muna da ita, amma tuwon masara da miya tsararo ba sa gina ƙashi.

Game da goyo kuwa, hankalin iyaye mata ya kwanta. Mai shayarwa takan rasa wani abu daga ƙashinta domin ta wadata nono, amma binciken da aka daɗe ana yi a ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya da sauran wurare ya nuna cewa jiki yana mayar da shi bayan yaye. Abin da ake bukata shi ne ta ci abinci mai kyau, ta kuma sami hutu tsakanin haihuwa da haihuwa.

ABUBUWAN DA KE ƘARA HAƊARI

Akwai waɗanda ba a hannun mutum suke ba, kamar shekaru da gado. Wanda mahaifiyarsa ko mahaifinsa ya taɓa karya kwatangwalo ya yi hattara. Akwai kuma cututtukan da ke raunana ƙashi, irin su amosanin jini, da ciwon sukari, da ciwon ƙoda mai daɗewa, da yawan aikin ƙullutun maƙogwaro. Amma sauran duk aikin hannunmu ne: shan taba, da shan barasa, da ramar da ta wuce kima, da yawan gishiri wanda ke fitar da kalsiyam ta fitsari, da kuma zama wuri ɗaya.

Wanda ya fi damun likitoci a ƙasarmu shi ne shan magunguna irin su deksametason da firedinisolon ba tare da izni ba. Magunguna ne masu amfani ga mai asma da waɗansu cututtuka idan likita ya rubuta, amma sai ga 'yan mata suna saye a kemis suna sha don su yi ƙiba, tsofaffi kuma ana haɗa musu a cikin ƙullin maganin ciwon jiki. Waɗannan ƙwayoyi suna kashe ƙarfin maginan ƙashi, kuma ɓarnarsu takan fara tun a watannin farko. Kumatun da suka cika ba lafiya ba ce, ruwa ne da kitse, ƙashi kuwa yana ta zaizayewa a ƙarƙashi. Waɗansu mayukan bilicin ma suna ɗauke da dangin wannan sinadari, fata kuma tana tsotse shi. Wanda ya daɗe yana shan irin waɗannan ƙwayoyi kada ya daina farat ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Ya je likita ya janye masa su sannu-sannu.

RIGAKAFI YANA CIKIN KASUWARMU

Bisa ma'aunin da masana a Amurka suka fitar a 2011, matashi mai shekara 9 zuwa 18 yana bukatar miligiram 1,300 na kalsiyam a rana, baligi 1,000, mace da ta haura 50 kuma 1,200. Kofi ɗaya na madara yana ba da kimanin 300. Ke nan nono da kindirmo da cuku suna kan gaba, kuma mai shan fura da nono na gaske, ba wanda aka tsinka da ruwa ba, ya riga ya kama hanya.

Wanda aljihunsa bai kai nan ba kada ya karaya. Kuka da zogale suna cikin ganyayen da suka fi kowanne kalsiyam, haka riɗi, da kuɓewa, da wake, da ƙananan kifaye busassu da ake ci har da ƙayarsu, da kifin gwangwani. A cikin hatsi kuwa ba kamar tamba, wadda ta ninka masara da shinkafa sau da yawa. Sai dai a sani, dusar hatsi tana da wani sinadari mai riƙe kalsiyam ya hana hanji tsotse shi, jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasarar koko, yana rage wannan. Ƙashi yana kuma bukatar abinci mai gina jiki, watau nama da ƙwai da gyaɗa da waken suya.

Kalsiyam ba ya shiga jini sosai sai da bitamin D, wanda fata ke ƙerawa idan rana ta taɓa ta. Fata mai duhu ta fi bukatar lokaci. Ma'aikacin da ke fita daga gida ya shiga mota, daga mota ya shiga ofis har magariba, da tsohon da ba ya fita daga ɗaki, da matar da ke yini a ƙuryar gida, duk suna iya rasa shi a tsakiyar ƙasar rana. Ɗan zama a tsakar gida da hantsi, hannuwa da ƙafafu a buɗe, ya wadatar ga yawancin mutane; ranar da ta ratso ta gilashin taga ba ta wannan aiki.

Sai motsa jiki. Ƙashi yana ƙarfi ne gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. 'Yan sama-jannati da ke zama a sararin samaniya, inda jiki ba shi da nauyi, sukan rasa kashi 1 cikin 100 ko fiye na ƙashin kwatangwalonsu a wata ɗaya tak. Kujerar ofis ba ta kai nan ba, amma hanyar ɗaya ce. Tafiya da sauri, da hawan matakala, da noma, da ƙwallo, da tsallen igiya ga yara, duk suna gina ƙashi. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: makarantar da ta mai da filin wasanta wurin ajiye motoci, ko ta hana 'yan mata wasannin motsa jiki, ta cuci ɗalibanta cutar da ba za a gani ba sai bayan shekara arba'in.

GWAJI DA MAGANI

Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna zaizaya sai kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙashin ya tafi. Na'urar da ke auna ta sosai ita ce DEXA, wadda aka fara amfani da ita a 1987. Ana kwanciya a yi awon kwatangwalo da ƙashin baya cikin 'yan mintoci, ba zafi. A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da ma'auni: ana kwatanta ƙashin mutum da na matashi lafiyayye, idan makinsa ya sauka zuwa 2.5 ƙasa da sifiri ko ya wuce haka, yana da cutar. Wannan na'ura ba ta da yawa a ƙasarmu, amma rashinta ba hujjar zama ba ne. Duk wanda ya haura 50 ya karye a faɗuwar da ba ta wuce daga tsaye ba, likita yana da dalilin ɗaukarsa a matsayin mai cutar, domin karaya ta farko tana kiran ta biyu.

Magunguna suna nan. Alendironet, wanda aka amince da shi a Amurka a 1995, ana shan ƙwaya ɗaya a mako, da sassafe kafin karin kumallo, da cikakken kofin ruwa, a kuma zauna a miƙe na rabin sa'a don kada ya ƙona maƙoshi. Akwai wanda ake ƙarawa ta jijiya sau ɗaya a shekara, akwai kuma allurar wata shida-shida wadda ba a tsallake lokacinta. Duk aikin likita ne, ba na mai kemis ba.

Batun ɗori kuwa, ba mai musun cewa masu ɗori sun daɗe suna yi wa jama'a hidima. Amma karayar kwatangwalo tana can cikin tsoka inda kara da tsumma ba sa kaiwa, kuma maganinta tiyata ne, wanda ake so a yi cikin kwana biyu domin tsoho ya tashi ya fara takawa. Ɗaurin da ya yi tsanani a hannu ko ƙafa yana tsayar da jini, har gaɓa ta ruɓe a kai ga yankewa. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa suna da ƙwararrun wannan aiki. Tsohon da ya faɗi ya kasa tsayuwa, ƙafarsa ɗaya ta gajarta ta juya waje, kada a tsaya murza shi, a kai shi asibiti a ranar.

Kafin a kai ga haka, a duba gida. A gyara santsin makewayi da bakin rijiya, a kafa abin dafawa, a ajiye fitila kusa da shimfiɗar tsoho, a kawar da tabarmar da bakinta ya naɗe, a sai masa takalmi mai kama ƙafa, a kai shi a duba idonsa, domin yanar ido tana kayar da tsofaffi da yawa. Riƙe sanda kuma ba abin kunya ba ne.

Ranar 20 ga watan Oktoba ta kowace shekara ita ce aka keɓe a duniya don tunawa da wannan cuta. Ya kamata ma'aikatun lafiya na jihohi su yi amfani da ita wajen wayar da kan jama'a, su tsananta sa ido kan sayar da ƙwayoyin ƙiba, su kuma samar da na'urar awo ko da guda ɗaya ce a babban asibitin kowace jiha. Hukumomin makarantun kwana su dubi abin da ke cikin kwanon ɗalibansu. Shi kuma ma'aikacin da ke lissafin ranar da zai cika shekara 60 ko 35 na aiki ya karɓi fansho, ya tuna cewa da ƙafafunsa zai je karɓa, tanadinsu kuwa tun yau ake fara shi.